Hujja ko Hadda? Tsokaci a Kan Koyar da Daidaituwar Alwatika, Tare da Misali Daga Ashige

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya taso ne daga wani darasin lissafi da muka saurara a aji ɗaya na wata babbar sakandare da ke yankin Ashige, a Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Ba lissafi ne ya kai mu can ba. Mun je ne domin mu ji irin harshen da malami da ɗalibai ke magana da shi a cikin aji, a wurin da Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha da hulɗar yau da kullum, alhali ba ita ce harshen gida ga da yawa daga cikin yaran ba. A ƙasar Lafiya akwai Eggon da Migili da Alago da Gwandara da Tibi da Fulani, ga kuma zuriyar Barebarin da suka kafa garin, kuma Hausa ce ke haɗa su. Sai muka tarar ana koyar da sharuɗɗan da ke tabbatar da cewa alwatika biyu daidai suke ta kowace fuska, wato abin da littattafan Ingilishi ke kira “congruent triangles”. Abin da muka ji a ranar shi ya mayar da mu ga manhaja da tsarin jarrabawa, domin mu ga inda gizo ke saƙar.

Matsayinmu a wannan takarda shi ne, wannan darasi shi ne wuri na farko da ake neman ɗalibi ya kafa hujja a rubuce, amma yadda aka tsara shi ya mayar da shi hadda. Kuma babban abin da ya jawo haka shi ne an bar batun harshe a hannun kowane malami shi kaɗai, ya yi yadda ya ga zai iya.

1.1 Abin da Ya Gudana a Aji

Malamin ya rubuta SSS da SAS da ASA da RHS a allo, ɗalibai suka maimaita da murya ɗaya har sau uku. Ya karanta bayanin littafi da Ingilishi, ya dubi fuskokin yara, sai ya juya zuwa Hausa, kamar yadda duk malamin da ke son a fahimce shi zai yi. Ya ce, “Ma'anarsa, wannan da wannan daidai suke.” Daga nan ya zana alwatika biyu, babba da ƙarama, ya rubuta adadin kusurwoyi iri ɗaya a cikinsu, ya tambaya ko daidai suke. Rabin aji suka ce daidai ne, rabi suka yi shiru. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai iri ɗaya ne, sai dai wannan ta fi girma.” Can kuma da aka zo ga aikin allo, ya tambayi wani yaro dalilin da ya sa ya ce gefe kaza daidai yake da gefe kaza. Yaron ya ce, “Ga shi nan, Malam, ana gani.”

Ba mu kawo wannan domin mu ga baiken malamin ba. Ya san lissafinsa, ajinsa cike yake, kuma bai da kayan zane sai alli da igiya. Amsoshin nan biyu ne abin dubawa. Yarinyar ta gano bambancin da ke tsakanin siffofi masu kama da juna da siffofi masu daidaito cikakke, ta kuma faɗe shi da Hausa mai kyau, amma kalmar “daidai” da aka ba ta ba ta da wurin ajiye wannan bambanci. Shi kuma yaron bai san cewa ido ba ya zama shaida a wannan fage ba, domin ba a taɓa gaya masa haka da harshen da yake tunani da shi ba.

2.0 Manhaja Tana Neman Abu, Jarrabawa Tana Neman Wani

A manhajar lissafi ta babbar sakandare da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ta shirya aka fara aiki da ita a 2011, an sanya kafa hujja a aji ɗaya. An ambaci ƙa'idoji biyu da za a tabbatar: cewa jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, da cewa kusurwar waje daidai take da jimlar kusurwoyi biyu na ciki da ke nesa da ita. Daidaituwar alwatika kuwa ta zo ne cikin jerin abubuwan da za a yi aiki da su a bayan waɗannan, tare da siffofi masu gefe huɗu da layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ke nan abin da ya kamata ya zama tushe an mayar da shi reshe. A ɗaya ɓangaren, tsarin jarrabawar WAEC ya bayyana cewa ana son ɗalibi ya san sharuɗɗan, amma ba a neman ya tabbatar da su. Wannan a kan kansa ba aibu ba ne, kuma za mu nuna a gaba cewa akwai dalilin ilimi da zai goyi bayansa. Sai dai abin da malami ya fahimta daga ciki shi ne, haruffa uku-uku ake so, kuma duk malamin da zangon karatu ya ƙure masa zai ba da abin da ake so ne.

Akwai kuma batun jeri. Ɗalibi yana haɗuwa da siffofi masu kama da juna, da faɗaɗa zane bisa ma'auni, tun a aji uku na ƙaramar sakandare. Yana shiga babbar sakandare da wannan a kansa, sai a kawo masa wani abu mai kama da shi da wata kalmar Ingilishi dabam, sannan a fassara masa duka biyun da “daidai” ko “iri ɗaya”. Ba abin mamaki ba ne in ya cakuɗa su.

Masana biyu 'yan ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina van Hiele-Geldof, sun bayyana tun 1957 cewa fahimtar siffofi hawa-hawa ce. Yaro yana farawa da gane siffa da ido, sannan ya iya lissafa halayenta, sannan ya ga yadda wani hali ke haifar da wani, kafin ya kai ga kafa hujja. Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu nazarin harshe, shi ne cewar da suka yi kowane hawa yana da harshensa, kuma mutum biyu da ke hawa dabam-dabam suna iya amfani da kalma ɗaya ba tare da sun fahimci juna ba. Yaron da ya ce “ana gani” yana hawa na farko, manhaja tana yi masa magana daga hawa na huɗu, kuma da baƙon harshe.

3.0 Kalmomi Uku da Ke Bukatar Gyara

3.1 Daidai

Kalmar “daidai” tana ɗauke da kaya da yawa. Amsa takan zama daidai, wato ba kuskure. Riga takan yi wa mutum daidai. Biyu da biyu daidai suke da huɗu. Ana haɗuwa daidai bakin kasuwa. A darasin siffofi kaɗai tana iya nufin abu uku: siffa ɗaya, ko faɗin fili ɗaya, ko kuma daidaito ta kowace fuska. Alal misali, alwatika mai gefe 3 da 4 da 5 da wata mai gefe 6 da 8 da 10 kusurwoyinsu ɗaya ne, amma ta biyu ta ninka ta farko a tsawon kowane gefe. Ga wani misalin da muke ganin ya kamata ya shiga kowane littafi: alwatika mai gefe 5 da 5 da 6, da wata mai gefe 5 da 5 da 8. Ta farko tsayinta 4 ne a kan gindi mai 6, ta biyu tsayinta 3 ne a kan gindi mai 8, saboda haka faɗin filin kowace 12 ne. Sun yi tarayya a gefe biyu, sun yi tarayya a faɗin fili, amma in aka yanke su a takarda aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba za su haɗu ba. Manomin doya da aka ce masa gonaki biyu “daidai suke” ya san dole ya tambaya, ta wace fuska?

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Shi kansa Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kalma ɗaya ta Girkanci ya yi amfani da ita ga alwatika biyu da suka haɗu baki da baki, da kuma waɗanda faɗin filinsu kawai ya zo ɗaya. Daga baya ne masana suka keɓe kalma ta musamman. Abin da Turai ta ɗauki ƙarnoni kafin ta warware, ba daidai ba ne a bar wa malamin ƙauye ya warware shi a tsaye gaban allo.

A namu ganin Hausa tana da abin da ake bukata a shirye. “Daidai wa daida” magana ce da kowane mai jin Hausa ya sani, kuma ma'anarta ita ce ba ragi ba ƙari. Muna ba da shawarar a keɓe ta ga wannan ma'ana ta uku kaɗai, a rubuta ta da karan ɗori, a ce alwatika biyu “daidai-wa-daida” suke. A bar “masu kama” ga waɗanda siffarsu ɗaya girmansu dabam, a bar “faɗi ɗaya” ga na fili. Mun ji wasu abokan aiki sun fi son “tagwaye”. Tana da daɗin faɗa, yara ma za su riƙe ta da sauri, sai dai kowa ya san tagwayen da ba su yi kama ba, wani lokaci ma Hassana da Husaini ne.

3.2 Kusurwa

A Hausar yau da kullum kusurwa wuri ce, kamar kusurwar ɗaki inda ake ajiye randa. A lissafi kuwa abin da ake aunawa shi ne yawan buɗewar da ke tsakanin layi biyu. Ɗalibin da bai rarrabe waɗannan ba yakan ɗauka kusurwar babbar alwatika ta fi ta ƙarama girma, don kawai layukanta sun fi tsawo. Ya isa a ce “tsinin kusurwa” ga wurin da layuka suka haɗu, a ce “buɗin kusurwa” ga abin da ake aunawa da digiri. A nan ne kuma ya kamata a yi gargaɗi game da “kusurwar dama”, wadda muka sha gani a rubuce-rubucen fassara a matsayin sunan kusurwa mai digiri 90. Fassarar kuskure ce tsantsa, domin kalmar Ingilishin ba hannun dama take nufi a nan ba, tsayuwa sak take nufi. “Kusurwa tsayayya” ta fi kusa da gaskiya.

3.3 Takwara

Wannan ita ce kalmar da muka fi jin takaicin rashin ganinta a aji, domin ta dace da aikin ƙwarai. Duk amfanin tabbatar da cewa alwatika biyu daidai-wa-daida suke shi ne a ce, to, kowane gefe daidai yake da wanda ya tsaya a matsayinsa a ɗaya alwatikar. Mai sauraron rediyo ya saba jin “shugaban ƙasa ya gana da takwaransa”, kuma ya san ba kowane mutum na waccan ƙasa ake nufi ba, sai mai riƙe da irin matsayin. Haka gefe yake da takwaransa, kusurwa take da takwararta. In aka rubuta cewa ABC da PQR daidai-wa-daida suke, jerin haruffan yana faɗin wa ke takwarar wa: A da P, B da Q, C da R. Da yawa daga kurakuran da muka gani a littattafan aikin yara a Ashige daga nan suke. Sukan kawo sharaɗin da ya dace, sannan su haɗa gefe da wanda ba takwaransa ba.

4.0 Harshen Kafa Hujja

Keɓaɓɓun sunaye rabin aikin ne. Hujja ba jerin sunaye ba ce, magana ce da ake ɗaure gaɓoɓinta da ƙananan kalmomi, kuma waɗannan ne ayyukan ƙirƙirar kalmomi suka fi yin sakaci da su. Kundin kalmomin kimiyya da lissafi cikin harsunan Nijeriya tara da aka buga a 1987 na firamare ne. Kamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya shafi harshe da adabi da dabarun koyar da su. Duka biyun ayyuka ne masu daraja, amma ba su kai ga lissafin sakandare ba, balle yadda ake gina jimlar hujja.

Alhali kuwa Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. “In” ko “idan” tana kafa sharaɗi. “Tunda” tana nuna cewa an riga an amince da abin da ke biye da ita, ba kamar “idan” ba. “Domin” tana kawo dalili a bayan magana, “saboda haka” tana kawo sakamako, “ke nan” tana rufe ƙofa. Sannan ga “da ... da ...” ta abin da bai auku ba, kamar a ce, “da gefen nan ya fi wancan tsawo, da kusurwar da ke fuskantarsa ta fi buɗi.” Wannan gini shi ne ginshiƙin hujjar da ake kafawa ta hanyar rushe akasin magana, kuma yaro ɗan shekara goma yana amfani da shi a gardamar ƙwallo. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ana shari'ar iyakar gona ya ji waɗannan kalmomi suna aiki, ya kuma ji an ƙi karɓar “kowa ya sani” a matsayin shaida. Ke nan ɗalibi ba ya zuwa aji hannu rabbana. Manhaja ce ba ta nemi abin da ya zo da shi ba.

Bari mu gwada da mas'ala ta 5 a littafin farko na Uƙlidis, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da gadar jakai saboda yawan ɗaliban da ke cijewa a kanta. Za mu bi gajeriyar hanyar da ake dangantawa ga Pappus na Iskandariyya.

Abin da aka bayar: alwatika ABC, wadda gefen AB da gefen AC tsawonsu ɗaya. Abin da ake nema: a tabbatar kusurwar B da kusurwar C buɗinsu ɗaya. Hujja: mu dubi alwatika ABC, mu kuma dubi alwatika ACB, wato ita ɗin ce dai aka kife. Gefen AB na ta farko daidai yake da takwaransa AC na ta biyu, domin haka aka bayar. Gefen AC na ta farko daidai yake da takwaransa AB na ta biyu, bisa wannan dalili dai. Kusurwar A ta tarayya ce, kuma tsakanin waɗannan gefe biyu take. Tunda gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu sun yi daidai da takwarorinsu, alwatikar biyu daidai-wa-daida suke. Saboda haka kusurwar B daidai take da takwararta. Takwararta kuwa ita ce C. An tabbatar ke nan.

Babu kalma ko ɗaya a nan da za ta gagari ɗan aji ɗaya da ke jin Hausar kasuwa, ko da Eggon ko Tibi yake yi a gida. Abin da zai iya ba shi wahala shi ne kifewar, kuma tela ya riga ya warware wannan. Yakan ninka yadi biyu ya yanka hannun riga sau ɗaya, ya sami na dama da na hagu, waɗanda ba sa hawa kan juna sai an kife ɗaya. Ya kamata littafi ya faɗa ƙarara cewa ana iya tura siffa, ana iya juya ta, ana iya kife ta, duk ba su ɓata daidaito ba. Miƙe ta ko matse ta ne ba a yarda ba.

Akwai wani abu a nan da ya shafi masu tsara manhaja kai tsaye. Hanyar da aka fi bi a aji ita ce a ja layi daga A zuwa tsakiyar BC, a yi amfani da sharaɗin gefe uku. Hanya ce mai sauƙi, kuma ba laifi in an ɗauki sharaɗin gefe uku a matsayin abin da aka amince da shi tun farko. Amma a jerin Uƙlidis sharaɗin gefe uku shi ne mas'ala ta 8, wadda ta dogara ga ta 7, ita kuma ta dogara ga ta 5 ɗin da ake son tabbatarwa. Wanda ya bi jerinsa sannan ya yi haka ya kira mai ƙara ya zama shaidar kansa. Shi ma sharaɗin gefe biyu da kusurwar tsakani, wato mas'ala ta 4, Uƙlidis ya kafa shi ne ta hanyar ɗora alwatika kan alwatika, abin da masana suka daɗe ba su gamsu da shi ba, har Bajamushe David Hilbert ya mayar da jigonsa ƙa'idar da ake karɓa ba tare da hujja ba a littafinsa na 1899. Wannan shi ne dalilin ilimin da muka ce zai goyi bayan WAEC. Amma in za a karɓi sharuɗɗan ba hujja, wajibi ne manhaja ta gaya wa malami cewa su ne tushen da aka tsaya a kai, sauran abubuwa kuma daga gare su za a ciro. Yanzu ba ta faɗa ba, saboda haka ɗalibi bai san abin da aka yarda ya ɗauka kyauta da abin da dole ya biya da dalili ba.

5.0 Sharaɗin da Ba Ya Aiki, da Darasin Kafinta

Babu abin da ke nuna illar haddar haruffa kamar gefe biyu da kusurwar da ba ta tsakaninsu. Ga mai hadda, SAS da SSA haruffa uku ne iri ɗaya da aka sauya wa jeri. Bayani ba ya kawar da wannan, sai zane. A ba yara wannan aiki: kusurwar A digiri 30, gefen AB santimita 10, gefen BC santimita 6. In aka kafa kamfas a B aka buɗe shi santimita 6, bakansa zai yanki ɗaya layin a wuri biyu, domin tazara mafi kusa daga B zuwa layin santimita 5 ce. Alwatika biyu za su fito, ɗaya AC ɗinta kusan santimita 12, ɗaya kusan santimita 5.3. Duka sun cika abin da aka bayar, kuma ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Inda babu kamfas, igiya da ƙusa a filin makaranta sun wadatar, a mayar da santimita taku. In kusurwar da aka bayar tsayayya ce, alwatika iri ɗaya tak ke fitowa, kuma daga nan ɗalibi zai ga dalilin da ya sa aka ware sharaɗi na huɗu. Muna kuma ganin a rubuta GGG da GKG da KGK kusa da haruffan Ingilishi, a koya wa yara su karanta na biyu da cewa “gefe, kusurwar tsakani, gefe”, domin kalmar tsakani ita ce haruffan Ingilishi suka haɗiye.

Da yamma, a bakin hanya, mun tsaya wajen wani kafinta yana haɗa katakon rufi. Ya gama alwatika ta farko, yana ɗora sauran katako a kanta yana yanka. Ba ya auna kusurwa ko ɗaya. Da muka tambaye shi ko ba ya tsoron wata ta fita dabam, sai ya ce, “Ranka ya daɗe, in tsawo ukun nan ya zo ɗaya, ba ta da inda za ta karkace.” Sharaɗin gefe uku ke nan. Shi ya sa kuma yake buga katako a karkace a jikin firam ɗin ƙofa kafin magini ya kafa shi, domin siffa mai gefe huɗu tana iya kwantawa ba tare da tsawon gefenta ya sauya ba, alwatika kuwa ba ta iyawa. Magini ma, bayan ya ja igiyar harsashi, yakan auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangare biyu. In tsawo da tsawo sun zo ɗaya, faɗi da faɗi sun zo ɗaya, awon karkace biyun ma suka zo ɗaya, ɗakin ya tsaya sak. Wannan tambaya ce ta aji ɗaya cikakkiya: a ɗaki ABCD, alwatika ABC da BAD sun yi tarayya a AB, BC daidai da AD, AC daidai da BD, saboda haka kusurwar A da ta B ɗaya ne, kuma tunda jimlarsu 180 ce, kowace 90 ce.

Sai dai a yi hattara. Akwai masu rubutu a kan ilimin gargajiya da ke tsayawa a nan su ce kafinta ya riga ya san lissafin. Ya san cewa abin yana aiki, domin bai taɓa ba shi kunya ba. Bai da bukatar sanin dalilin da ya sa ba zai taɓa ba shi kunya ba, kuma wannan dalili shi ne abin da makaranta ta ɗauki alkawarin koyarwa. In aka kai yara wajen kafinta aka dawo ba a rubuta hujja ba, an mayar da su ga “ana gani” ne ta wata ƙofa.

6.0 Matsayin Hausa a Wannan Aiki

Za a iya cewa duk wannan ya saɓa wa manufar gwamnati. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yanki a farkon firamare. A Nuwamba 2022 aka amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke shi da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. Muna da ra'ayi a kan wannan mataki, amma ba nan ne wurinsa ba, kuma bai shafi abin da muke faɗa ba. Sakandare da ma can da Ingilishi take a takarda, kuma ɗalibi da Ingilishi zai rubuta WAEC da NECO. Abin da muka gani a Ashige shi ne, da izini ko ba izini, malami yana komawa Hausa da zarar bayani ya cije. Tambayar da ke gaban masu tsara manhaja ita ce ko wannan Hausa za ta zama tatacciya, ko kuwa kowane malami zai ci gaba da ƙirƙiro tasa a tsaye.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai rage yawan darussa, kuma duk jagoran malami da za a rubuta a kanta dama ce. Shafi biyu sun isa a babin siffofi: ɗaya na kalmomin da aka tace tare da misalin da ke rarrabe su, ɗaya na hujja uku ko huɗu da aka rubuta da cikakkun jimlolin Hausa a gefen na Ingilishi, layi da layi, domin ɗalibi ya ga wace kalmar Ingilishi ce ke aikin “tunda”, wace ce ke aikin “ke nan”. Aiki ne da malaman lissafi ba za su iya su kaɗai ba, masu nazarin harshe ma haka. Kuma kafin a buga, a gwada kalmomin a wurare irin Ashige da Akwanga da Doma, kada a tsaya a Kano da Zariya kaɗai. “Daidai-wa-daida” da “takwara” sun wuce a ajin da muka gwada su washegari ba tare da an nemi ƙarin bayani ba, amma “alwatika” kanta, wadda muka ɗauka kowa ya sani, sai da malamin ya zana ta a allo kafin yawancin yaran su gane abin da muke nufi. Su “mai kwana uku” suke ce mata.